Yadda ake fitar da awo daidai da jarkokin da ba su da alama

Wata Asabar cikin watan Afrilu, irin zafin Garwa ɗin nan da ko inuwar dogon yaro ba ta yi maka maganinsa, goggona da maƙwabciyarta suka haɗa kuɗi suka saro man gyaɗa lita 8 cikin jarka guda don sari ya fi sauƙi. Aka dawo gida aka zo rabo, kowacce lita 4 take jira, sai aka duba gidan kaf babu abin awo in ban da wata farar jarka mai cin lita 5 da wata tsohuwar roba mai cin lita 3, dukansu babu ko zane ɗaya a jiki balle lamba. Goggo ta ce a zuba kawai a duba, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Maƙwabciyar ta yi dariya ta ce "Hajiya, a hatsi ne ido yake sanin kima, man nan da tsadarsa kam gara a auna." Ina gefe zaune ina fifita da kwali sai goggo ta juyo kaina, "kai ɗan lekol, duk bokon nan naka ba zai raba mana mai ba?" Na tashi na raba, juyi 7 kacal, kowacce ta ɗau lita 4 ɗinta. Tun daga ranar duk wanda ya ji labarin sai ya ce in koya masa, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Kafin komai ka riƙe dokar wasan, don yawancin masu kasawa a nan suke zamewa. Abu uku kawai aka yarda ka yi: ka cika mazubi fal, ko ka juye shi tas, ko ka tsiyaye daga wannan zuwa wancan. Kuma in ka fara tsiyayewa ba ka tsayawa sai ɗayan biyu ya faru, ko na sama ya ƙare ko na ƙasa ya cika. Babu "bari in zuba rabi", babu "kamar nan ne lita ɗaya". Mazubin da ba shi da alama wuri biyu kaɗai yake faɗa maka gaskiya, in ya cika da in babu komai cikinsa, duk abinda ke tsakani kintace ne sai dai in lissafi ne ya kai ka wurin.

Sannan ka samo takarda da bik. Wallahi kar ka ce za ka riƙe a ka, a juyi na huɗu za ka manta nawa ke cikin wanne. Bayan kowane juyi ka rubuta lambobin a jere, babba a farko ƙarami a ƙarshe.

Mu fara da mai sauƙin: kana bakin famfo ko rijiya, ruwa ba matsala, kana da jarka mai lita 5 da mai lita 3, ana so ka fitar da lita 4 cif.

Ka cika babbar: 5 da 0.
Ka tsiyaye cikin ƙaramar har ta cika, saura 2 a babbar: 2 da 3.
Ka zubar da na ƙaramar: 2 da 0.
Ka juye lita 2 ɗin nan cikin ƙaramar: 0 da 2.
Ka sake cika babbar: 5 da 2.
Ka tsiyaye cikin ƙaramar har ta cika: 4 da 3.

To a wannan na ƙarshen duk dabarar take, ka tsaya ka duba shi da kyau. Ƙaramar tana cin 3, akwai 2 a ciki, ke nan gurbin lita 1 kawai ya rage mata. Wannan gurbin shi ne ma'auninka. Ba ka da kofin lita 1 a gidan amma ka ƙera shi da kanka, kana zubawa ta karɓi 1 ta cika, babbar ta koma 4. Mutane suna kallon ruwan da ke cikin jarka ne kawai, ba sa kallon wurin da ya rage babu ruwa, alhali shi ma awo ne.

In ka lura ban yi wani dogon tunani a tsakanin matakan nan ba, tsari ɗaya nake maimaitawa, kuma shi nake so ka haddace don yana buɗe kusan duk irin waɗannan tambayoyin. Ka zaɓi jarka ɗaya ta zama mai ɗebowa, ɗayar ta zama mai karɓa, kar ka canza musu aiki har ka gama. In mai ɗebowa ta zama wayam ka cika ta. In mai karɓa ta cika ka zubar. In ba ko ɗaya cikin biyun, ka tsiyaye daga mai ɗebowa zuwa mai karɓa. Shi ke nan, haka za ka yi ta zagayawa kamar jakin rijiya har lambar da kake nema ta fito a ɗaya daga cikinsu. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya yi juyi uku sai ya ga kamar ba ya ci gaba, ya mayar da ruwan inda ya fito, sai ya koma gidan jiya ya ce abin ba ya yiwuwa. Kar ka koma baya. In ka ga lambobin da ka riga ka rubuta sun sake fitowa a tsakiyar aiki to ka yi kwana a wani wuri, duba takardarka.

Hanya biyu ce kullum, don ana iya mai da ƙaramar ta zama mai ɗebowa. Da 5 da 3 ɗin dai: ka cika ƙaramar ka juye a babbar, ka sake cikawa ka tsiyaye, babbar za ta karɓi 2 kawai ta cika saura 1 a ƙaramar, ka zubar da babbar, ka juye 1 ɗin a cikinta, ka cika ƙaramar ka ɗora a kai, 1 da 3 sun ba ka 4. Ya yi, amma mataki 8 ne maimakon 6.

Yanzu man goggo. Nan babu famfo kuma babu mai yarda a zubar masa da mai a ƙasa, to sai babbar jarkar mai lita 8 ta yi aikin biyun, ita ce rijiyar da kake ɗebowa kuma ita ce inda kake "zubarwa". In ban da wannan, tsarin bai canza ba ko kaɗan. Lambobin a jere, ta 8, ta 5, ta 3:

Farko: 8, 0, 0
Cika ta 5 daga babbar: 3, 5, 0
Daga ta 5 cika ta 3: 3, 2, 3
Mayar da na ta 3 cikin babbar: 6, 2, 0
Juye 2 ɗin cikin ta 3: 6, 0, 2
Sake cika ta 5 daga babbar: 1, 5, 2
Daga ta 5 ƙarasa cika ta 3: 1, 4, 3
Mayar da na ta 3 cikin babbar: 4, 4, 0

Kowane layi in ka tara shi dole ya ba ka 8, in bai ba ka ba ka yi kuskuren rubutu, wannan ma hanya ce ta kama kanka da wuri. Lokacin da na kai 1, 5, 2 maƙwabciyar ta fara salati tana cewa ɗan nan wasa yake mana da mai, ga babbar jarka ta kusa ƙarewa, goggo kuwa ta riƙe mazurari ta yi shiru tana hararata. Juyi biyu bayan nan magana ta ƙare.

Akwai abinda ya kamata ka yi tun kafin ka taɓa jarka, in ba haka ba za ka iya kwana kana juye-juye a banza, wato ka duba ko abin ma mai yiwuwa ne. Wanda ya yi lekol zai tuna PGCD, babbar lambar da take raba lambobi biyu ba saura. Ka nemo ta tsakanin jarkokinka biyu. Awon da ake nema dole wannan lambar ta raba shi ba saura, kuma kar ya wuce cikin babbar jarkar in a mazubi ɗaya ake son sa. 5 da 3 babu mai raba su sai 1, shi ya sa 1, 2, 3, 4, 5 duk suna fita. Amma a ce an ba ka 6 da 4 a ce fitar da 3, kar ma ka tashi daga inda kake, 2 tana raba su duka, duk juyin da za ka yi 2 ko 4 ko 6 za ka riƙa gani har tashin duniya. 9 da 6 kuma 3, 6, 9 kawai. Dalilin ba wani mai zurfi ba ne: duk abinda ka ƙara ko ka rage ninkin wannan lambar ne, to ta ina mara ninki zai shigo? Kamar mutum ne aljihunsa cike da sefa 50 da sefa 100 zalla a ce ya biya 75 cif babu canji.

Shi ya sa ma jarkokinmu na gida, bidon ɗin nan na lita 20 da 25 da 10 da 5, ba sa daɗin wannan wasan, dukansu 5 ke raba su, daga 5 sai 10 sai 15. In kana son lita 7 da su sai ka shigo da wani mazubi daban. In kuma akwai rabi a lissafin, misali gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi da kwalbar lita 1, ka ninka komai sau biyu ka yi aiki da rabi-rabi, gorar ta zama 3 kwalbar ta zama 2, ka cika gorar ka tsiyaye a kwalbar saura 1, wato rabin lita.

Sai maganar wace hanya ta fi gajarta. Wasu suna cewa kullum a fara da babbar, ba gaskiya ba ne. Ɗauki 11 da 7 a ce ana son 2. Ka jera ninkin 11: 11, 22, 33, 44. Ka jera na 7: 7, 14, 21, 28, 35, 42. Yanzu nemo inda tazarar ta zama 2. Akwai 44 da 42, wato ciko huɗu na babbar a cire shida na ƙaramar. Akwai kuma 35 da 33, ciko biyar na ƙaramar a cire uku na babbar. Na farkon 4 da 6 goma ke nan, na biyun 5 da 3 takwas, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi za ka bi. Na gwada duka biyun a takarda, farawa da babbar mataki 18 ya ci, farawa da ƙaramar 14. In ruwan rijiya kake ja da guga a watan azumi za ka san bambancin 14 da 18. Da 5 da 3 kuwa, 10 a cire 6 ya ba da 4, 9 a cire 5 ma ya ba da 4, jimillar duka huɗu-huɗu ce, a irin wannan kunnen doki sai ka gwada duka biyun a takarda ka ƙirga. Wannan zancen na cewa ninkin wannan a cire ninkin wancan yana ba da PGCD, a littafin lissafi da sunan Bézout ake kiransa, wani Bafaranshe da ya rayu daga 1730 zuwa 1783, kodayake wani ɗan ƙasarsu Bachet ya riga shi yin bayaninsa tun ƙarni na 17.

Amma fa akwai rami ɗaya a nau'in jarka uku ɗin, ni kaina na taɓa faɗawa. PGCD yana ba ka tabbaci ne in ruwan ba ya ƙarewa. In abin zubawar ƙididdigagge ne kamar man goggo, sai babbar jarkar ta kai jimillar ƙananan biyun hankalinka zai kwanta, kamar yadda 8 ta zama 5 da 3 daidai. In ba ta kai ba, wani lokaci ya yi wani lokaci ya ƙi. Wani ƙanena ya kawo min 6, 5, 4 ya ce in raba 6 gida biyu, na ce ai 5 da 4 PGCD ɗinsu 1 ne, kawo nan. Na fara: 6,0,0 sai 1,5,0 sai 1,1,4 sai 5,1,0 sai 5,0,1 sai 0,5,1 sai 0,2,4 sai 4,2,0 sai 4,0,2. Nan na cije. Tsarin yana cewa in cika ta 5, alhali lita 4 ce ta rage a babbar, ba za ta cika ba. Na juya ta ɗaya hanyar nan ma na maƙale, na zauna na rubuta duk yanayin da ake iya kaiwa ɗaya bayan ɗaya, babu inda 3 ta leƙo. Yaron yana ta dariya, ashe ya san ba ta fita. Da a bakin famfo ne da 5 da 4 ɗin nan 3 tana fita a mataki na 10 in ka fara da babbar, a mataki na 4 in ka fara da ƙaramar. To in ka ga irin wannan kar ka yi saurin cika baki, rubuta duk inda juyi zai iya kai ka, daga kowane layi ka fitar da duk juyin da zai yiwu, wanda ya taɓa fitowa ka soke shi, in sabbin layuka sun ƙare ba ka ga lambarka ba to babu ita. Kwamfuta ma haka take warware shi, ba wata hikima ta fi ka ba, gajiya ce kawai ba ta yi.

Wasan dai tsoho ne. Ta 8, 5, 3 ɗin nan ana yawan jingina ta ga Tartaglia, masanin lissafi ɗan Italiya na ƙarni na 16, Bachet ma ya sa irinta cikin littafinsa na wasannin lissafi da ya fito a 1612. Ana kuma ba da labarin cewa Poisson, wani babban masanin Faransa da aka haifa a 1781, irin wannan tambayar ce ta ja shi zuwa lissafi yana yaro, a tasa tambayar 12 ce za a raba biyu da mazubi mai 8 da mai 5. Ka lura 8 da 5 sun haura 12, amma ita tana fita: 12,0,0 sai 4,8,0 sai 4,3,5 sai 9,3,0 sai 9,0,3 sai 1,8,3 sai 1,6,5 sai 6,6,0. A nan 6 ta fito tun kafin babbar ta gaza.

Wani abu da ya fi ba ni dariya don ya kama ni dumu-dumu shi ne gwajin da wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Luchins, ya wallafa a 1942. Yana ba mutane jarka uku da ruwa isasshe, misali 21, 127 da 3 a fitar da 100. Amsar ita ce a cika 127, a cire 21 sau ɗaya, a cire 3 sau biyu. Ya jero musu tambayoyi da dama masu wannan hanyar har hannunsu ya faɗa, sannan ya ba su 23, 49 da 3 a fitar da 20. Da yawansu suka sake bin doguwar hanyar, 49 a cire 23 a cire 3 sau biyu, alhali cika 23 ka cire 3 ya gama magana. Da ya kawo 28, 76 da 3 a fitar da 25, inda tsohuwar hanyar ba ta aiki sam, wasu suka kasa gaba ɗaya, ga 28 a cire 3 yana kallonsu. Don haka ko da ka haddace tsarin da na ba ka, ka ɗan dakata tukuna ka gwada tarawa da cirewa na kai tsaye, babba a cire ƙarami nawa ne, biyun a haɗe nawa ne, sau da yawa amsar tana bakin ƙofa.

In da gaske za ka yi, ba a takarda ba, ga abubuwan da lissafi ba ya faɗa maka. Jarkar da aka rubuta wa lita 5 in ka cika ta har baki yawanci ta ɗan haura 5, don masu yin ta suna barin sarari a wuya, to ka tsayar da wuri ɗaya da za ka kira "cika", gindin wuya misali, kuma kar ka canza shi daga juyin farko har na ƙarshe. Ka ajiye jarkokin a daɓe mai daidai ba kan yashi ba. Mai yana maƙalewa a jikin roba, ka kifa ta ka ba ta ɗan lokaci ta tsane, manja kuwa in ya daskare sai ka sa shi a rana ya narke tukuna in ba haka ba rabin kofi zai kwana a ciki kowane juyi. Nono da duk abinda ke kumfa ka jira kumfar ta kwanta kafin ka ce ya cika. Kuma don Allah in koyo kake ka yi da ruwa, ka zuba na zubarwar a randa ko gindin shuka, kar wani ya je ya ɗauko fetur ɗin zuwa-zuwa na bakin titi ya ce zai gwada a tsakar gida kusa da murhu.

Akwai wata dabara da a wasan an hana ta amma a kicin tana da amfani. In mazubin miƙaƙƙe ne sama da ƙasa faɗi ɗaya, kamar gwangwanin madara, ka karkata shi a hankali kana zubarwa har ruwan ya tsaya yana taɓa leɓen bakin ta ƙasa, ta can ciki kuma gefen gindin ya fara leƙowa, abinda ya rage rabi ne daidai. A ƙwarya ko tulu ko bokiti mai faɗin baki ba ta aiki, kar ka gwada ka zo ka ce ni na faɗa.

Ga ɗaya ka gwada da kanka: nono lita 10, jarka mai 7 da mai 3, a raba biyar-biyar. 7 da 3 PGCD 1, kuma sun haɗa 10 daidai, ke nan tana fita. In ka mai da ta 7 mai ɗebowa juyi 9 ne. Ga ukun farko: 3,7,0 sai 3,4,3 sai 6,4,0. A juyi na shida ya kamata takardarka ta nuna 9,0,1, in ba haka ta nuna ba koma layi na huɗu ka duba.